Yaro Da Jirgi A Kogin Binuwai: A Bar Shi Ko A Hana Shi?

Da yawa daga cikin mutanen Adamawa da ke neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha sun baro iyalinsu ne a Jimeta, ko cikin garin Yola, ko ƙauyukan bakin kogi. Kowace damina kuwa, da zarar Binuwai ya kawo ruwa, akwai wata magana da kan taso tsakanin irin waɗannan magidanta da mutanen gida. Yaro ne ɗan shekara 14 ko 15 zai ga tsararsa suna samun kuɗi da kwale-kwale, wasu suna fito, wasu suna su, wasu suna ɗauko masara da itace daga gonakin tsallake, shi ma ya ce lalle sai ya shiga. Uwa ta ƙi, yaro ya nace, daga ƙarshe a buga wa uba waya a ce ya raba gardama. Wani ma har kuɗin sayen jirgi za a nema a wurinsa. To, uban da ke can nesa, wanda rabonsa da ganin kogin an yi watanni, me ya kamata ya ce?

Ba mu kaɗai wannan tambaya ta dama ba. Turawa ma sun yi ta ja-in-ja a kanta har ta kai su gaban alƙali, sai dai su nasu yaran ba ƙetare kogi suka nema ba, kewaye duniya suka so yi a cikin teku, kowa shi kaɗai a jirginsa. Yana da kyau mu ji yadda tasu ta ƙare, domin akwai abin da za mu tsinta a ciki.

'Yan mata uku a teku

Tsakanin 2009 da 2012 wasu 'yan mata uku suka tayar da hankalin duniya. Kowaccensu ta hau ƙaramin jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, watau mai dogon sanda a tsakiya da ake ɗaura wa zane, ta ce za ta kewaye duniya ba tare da kowa a cikin jirgin ba.

Ta farko ita ce Jessica Watson, 'yar ƙasar Ostireliya, mai shekara 16. Tun kafin ta fara tafiyar sosai, a daren 9 ga Satumba 2009, tana cikin gwaji, barci ya ɗan ɗauke ta, jirginta ya yi karo da wani ƙaton jirgin dakon kaya mai suna Silver Yang, sandan zanen ya karye. Mutane da yawa suka ce ai ga ishara nan, a hana ta. Iyayenta ba su hana ta ba. Aka gyara jirgi, ta tashi daga birnin Sidni ranar 18 ga Oktoba 2009, ta komo ranar 15 ga Mayu 2010 bayan kwana 210 a kan ruwa, saura kwana 3 ta cika shekara 17. Dubban jama'a suka tarye ta, har da Firayim Ministan ƙasar na lokacin, Kevin Rudd.

Ta biyu, Abby Sunderland ta Amurka, ita ma shekararta 16. Ta tashi daga Kalifoniya ranar 23 ga Janairu 2010. Matsalar na'urori ta sa ta yi jinkiri, har ta tsaya gyara a Afirka ta Kudu, saboda haka ba ta shiga kudancin Tekun Indiya ba sai lokacin hunturun can, sa'ad da igiyar ruwa ta fi muni. Ranar 10 ga Yuni igiya ta juya jirgin, sandan zane ya karye, ta rage tana yawo a kan ruwa kimanin mil 2,000 daga Ostireliya. Sai da hukumomin Ostireliya suka yi hayar babban jirgin sama ya je nemanta, kana wani jirgin masunta na Faransa ya tsamo ta ranar 12 ga wata. Garin ceton nata, shi kansa shugaban jirgin masuntan ya faɗa cikin teku, da ƙyar aka fid da shi. Gawar jirgin nata kuwa ba a sake ganinta ba sai a ƙarshen 2018, tana yawo a kife kusa da gaɓar Ostireliya.

Ta uku ita ce Laura Dekker ta ƙasar Holan, wadda ta fi su ƙuruciya. A cikin jirgin ruwa aka haife ta a 1995, lokacin da iyayenta ke wata doguwar tafiya, kuma tana da shekara 6 ta fara tuƙa ƙaramin jirgi. Tana da shekara 13 ta ƙetare teku ita kaɗai zuwa Ingila. Da ta ce za ta kewaye duniya, ubanta ya yarda, amma hukumar kula da yara ta ƙasar ta kai ƙara. A watan Agusta 2009 kotu ta dakatar da tafiyar, ta sa yarinyar a ƙarƙashin kulawar hukuma. Kusan shekara guda aka yi ana shari'a. A cikin wannan lokaci ta koyi aikin taimakon gaggawa, ta koyi yadda ake jure ƙarancin barci, aka sama mata jirgi mafi girma mai tsawon ƙafa 38, aka cika shi da kayan tsaro. Sai a ƙarshen Yuli 2010 kotu ta sake ta. Ta tashi a watan Agusta tana da shekara 14, tana yada zango a tashoshi tana jiran lokacin da ya dace, ta kammala ranar 21 ga Janairu 2012.

Masu littafin bajinta na Guinness dai sun daina rubuta sunan wanda ya fi kowa ƙuruciya a irin wannan tafiya, don kada iyaye su riƙa tura yara cikin halaka saboda neman suna.

Mai karatu zai lura cewa shekarun 'yan matan nan kusan ɗaya ne, kuma dukkansu iyayensu sun yarda. Abin da ya bambanta ƙarshen labarinsu shi ne yawan horon da aka yi, da lokacin da aka shiga ruwa. Abin da ya sa dukkansu suka rayu kuwa, kowaccensu tana da na'urar kiran agaji, kuma akwai waɗanda za su amsa kiran ko da za a kashe maƙudan kuɗi. Waɗannan abubuwa uku, horo da lokaci da mai ceto, su ne ya kamata mu auna namu yaran da su.

Binuwai yana da lokaci

Wanda ya san Jimeta da rani kawai bai san Binuwai ba. A watan Maris ko Afrilu za ka tsaya a kan gada ka ga yashi fari fat ya mamaye rabin kogin, yara suna wasa, masu lambu suna ban ruwa, wani wurin ma da ƙafa ake ratsawa. Daga Yuli ruwa ke fara hauhawa, ya kai matuƙa a Satumba, ya shanye yashin duka, ya malala cikin fadamu, tafkin Geriyo da na Njuwa su cika su batse.

Kogin nan mai tsawon kimanin kilomita 1,400 daga duwatsun ƙasar Kamaru yake tasowa, ya bi ta Garwa, ya karɓi ruwan Faro a wajen iyaka, ya wuce Jimeta, ya karɓi Gongola a Numan, ya bi ta Ibi da Makurɗi har ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Ma'anar wannan ita ce ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Jimeta ba na saman Jimeta ba ne. Ana iya kwana sararin sama tas, ba ko ɗigo, a wayi gari kogi ya ƙaru saboda ruwan da aka yi a wata ƙasa.

Mutanen da sun san haka sarai. Tun da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, harkar garin da lokacin kogi take tafiya. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya iso mahaɗar Binuwai da Faro a watan Yuni 1851, jiragen mutanen wurin ne suka fitar da shi. Sojan Ingila da suka ci Yola ranar 2 ga Satumba 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu, sai da suka jira cikar kogi kafin jiragensu su iya haurowa. Haka nan jiragen kamfanoni da suka riƙa zuwa ɗaukar gyaɗa da auduga a zamanin Turawa, 'yan watannin damina kaɗai suke da su, su yi lodi su juya kafin ruwa ya janye. In manyan jiragen ƙarfe masu inji suna bin ƙa'idar lokaci, ina ga ɗan kwale-kwalen katako a hannun yaro?

Bugu da ƙari, yanzu akwai abin da kakanninmu ba su sani ba, watau madatsar ruwa ta Lagdo da Kamaru ta gina a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982. In ta cika, tilas a buɗe ta, ruwan kuma Adamawa yake fara sauka. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a yankin Fufore don ta tare wannan ruwa, har yau ba a gina ta ba. A ambaliyar 2012 hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 363 suka rasu a Nijeriya, fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. A ta 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Tsohon masunci kan dubi launin ruwa da kumfa da tarkacen da yake ɗauke da shi ya gane abin da ke tafe. Yaron da ya fara tuƙi bara ba shi da wannan ido.

Yadda ake koyon ruwa a da

Kada wani ya ce mutanenmu ba su saba sa yara a jirgi ba. Sun saba ƙwarai. Bata da Bachama da Mbula da Jukunawa, da Hausawa masunta da suka zo suka zauna a bakin kogin, duk a cikin jirgi 'ya'yansu ke tashi. Amma fa akwai tsari. Yaro kan fara da zama a tsakiyar jirgi yana kwarfe ruwa da ƙwarya. Da rani ya koyi iyo a inda ruwa bai wuce ƙirji ba, har ya iya nutso. Daga nan a ba shi filafili ya zauna a gaba, uba ko wa yana baya yana riƙe da akalar jirgi. Sai an ga hannunsa ya faɗa kana a bar shi ya koma baya, shi ma da babba a ciki. Fita shi kaɗai kuwa da rani ake fara ta, kusa da gaɓa, inda ido ke ganinsa. Ƙetare kogi da kaya ko da mutane lokacin cikar ruwa shi ne matakin ƙarshe, kuma ba yaron ne ke cewa ya isa ba, manya ne ke faɗa. A bisa kowa kuma akwai Sarkin Ruwa, wanda in ya ce yau ba a shiga, to ba a shiga.

In aka duba da kyau, abin da kotun Holan ta tilasta wa Laura Dekker a cikin shekara guda, shi ne masuntanmu ke yi wa 'ya'yansu a cikin shekara bakwai ko takwas, ba takarda, ba alƙali.

Abin da ya canza yau shi ne yawancin yaran da ke sha'awar jirgi a Jimeta ba 'ya'yan gidan su ba ne. Ɗan tela ne, ɗan direba ne, ɗan mai gadi ne da ke Apapa. Ba wanda ya ɗora shi a kan waɗancan matakai. Aboki ne ya nuna masa yadda ake riƙe filafili a cikin mako guda, mai jirgi kuma ya ba shi haya don ya kawo kuɗi da yamma. Abin takaici, lokacin da kuɗin fito ya fi yawa shi ne lokacin da ruwa ya fi haɗari, domin sa'an nan ne hanyoyi ke yankewa, kowa yana neman jirgi. Watau yaron yana fara sana'ar ne daga inda gwanaye ke ƙarewa.

Kifewar kwale-kwale kuwa ba ta ɗaukar lokaci. Iskar da ke gaban hadari ta taso, ko jirgi ya ba igiya gefe, ko ya hau kututturen da ruwa ya rufe, ko ya faɗa inda ruwa ke juyawa kusa da ƙafafun gada. Fasinja su firgita su karkata gefe guda, shi ke nan. A wannan ɗan taƙin ana bukatar ƙarfin damtse, da sanin abin yi, da muryar da manya za su ji su natsu. Ɗan shekara 14 da wuya ya haɗa ukun nan.

Mutanen Yola ba su manta da watan Satumba 2023 ba, lokacin da jirgi ya kife a tafkin Njuwa da mutanen da suka taso daga Rugange, rayuka suka salwanta, bayan 'yan kwanaki kuma wani ya kife a Gurin ta ƙaramar hukumar Fufore. Mutanen Kano ma suna tune da ranar 30 ga Nuwamba 2021, da jirgi ya nutse a madatsar Watari ta Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A irin waɗannan wurare ba jirgin sama da zai tashi neman kowa. Masu ceto su ne masunta da masu nutso na kusa, kuma sau da yawa kafin su iso aikin ya zama na neman gawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma yara da matasa ne suka fi yawa a ciki.

Hujjar masu cewa a bari

Duk da haka, masu cewa a bar yaro suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Mutum nawa ne cikin masu karanta wannan shafi suka hau bayan motar shanu suka nufo Kudu suna da shekara 15 ko 16, ba su san kowa ba sai sunan wani ɗan garinsu a Agege ko Sabo? Da an tsare su a gida, da yau ba su zama masu gidan kansu ba. Yaron da aka hana kowane abu mai wuya, ragon namiji yake zama. Ga kuma halin rayuwa: akwai gidan da kuɗin da yaron zai samo a bakin kogi shi ne cefanen ranar. Sa'an nan kowa ya san hani daga nesa ba ya tsare yaro. In uba ya ce a'a ta waya, yaron zai iya fita da asuba a ɓoye, ya shiga jirgin da ya fi kowane lalacewa, don mai jirgin kirki ba zai ba shi ba.

Wasu kuma kan ce in kwana ya ƙare ko a kan gado sai a tafi. Gaskiya ne, amma ba wanda ke barin ƙofar shagonsa a buɗe da dare saboda wannan magana. 'Ya'ya amana ne, kuma rigakafi ya fi magani.

Saboda haka amsar da ta dace ba "je ka" ba ce kawai, ba kuma "kul" ba ce kawai. Uba ya yarda ɗansa ya koyi ruwa, amma ya ƙi yarda ya shiga shi kaɗai kafin ya ƙware, ya kuma ƙi yarda ƙememe ya ɗauki rayukan mutane lokacin cikar kogi.

Abin da uba zai tambaya

Da farko, ya iya iyo? Ba wasan ruwa a bakin gaɓa ake nufi ba. A sa wani babba mai gaskiya ya gwada shi da rani, ya ga ko zai iya ratsa wuri mai zurfi da tufafinsa a jiki.

Na biyu, wa zai koya masa? A nemi masunci ko mai fito dattijo wanda aka san gidansa, a kai yaron hannu da hannu kamar yadda ake kai yaro wurin makaniki ko tela, da sanin Sarkin Ruwa ko mai unguwa. In uba ba zai sami zuwa ba, ƙaninsa ko kawun yaron ya tsaya a madadinsa.

Na uku, wane lokaci? Koyo da rani ake yi. Daga Agusta zuwa Oktoba, ko duk ranar da rediyo ta ce za a saki ruwan Lagdo, yaro ba shi da aiki a tsakiyar kogi. Haka nan ba fita da dare, ba fita in hadari ya haɗo.

Na huɗu, da wane kaya? Kafin a aika kuɗin jirgi a fara aika rigar ruwa, watau wadda ke hana nutsewa. Mazauna Ikko sun ga yadda ake sa wa fasinja ita a tashoshin jiragen Ikorodu da Apapa, kuma ana samunta a kasuwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta wajabta sa wannan riga ta kuma hana tafiyar dare, amma ma'aikatanta ba za su tsaya a kowane mashigi ba. Uba ne hukumar ɗansa ta farko.

Na biyar, don wa ake yi? An zargi iyayen wasu daga cikin 'yan matan Turawan nan da cewa suna da kuɗin talla suke nema da rayukan 'ya'yansu. Mu ma sai mu tambayi kanmu tsakani da Allah: sana'a muke so yaron ya koya, ko kuwa so muke ya ɗauke mana nauyin da ya kamata mu ɗauka? Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta kuma hana sa shi aikin da zai cutar da lafiyarsa. Yaron da ke fito da fasinja goma a cikin ambaliya, ba ransa kaɗai ke hannunsa ba, har da na matan mutane da 'ya'yansu.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan Adamawa da ke taro a Ikko da Fatakwal da sauran garuruwan Kudu sun saba tara kuɗi don kai gawa gida ko taimakon wanda gobara ta shafa. Babu laifi in a taro na gaba wani ya tashi ya kawo shawarar a sayi rigunan ruwa ko da guda hamsin ne, a damƙa su ga shugabannin masu fito na mashigin garinsu kafin ruwa ya kawo, a kuma roƙi dattawan bakin kogi su keɓe 'yan makonni da rani suna koya wa yaran unguwa iyo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya raya mana zuriya, ya kiyashe su daga sharrin ruwa, amin.